Tirelar Baba Ba Ta Komawa Baya

Tirelar Baba a filin jirgi aka haife ta. Asalinta amalanken akwatuna ce, irin waɗanda ake jerawa a ja su zuwa gindin jirgi in alhazai sun sauka. Da ta tsufa aka tura ta wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Baba kuwa, wanda jan waɗannan amalankai ne aikinsa tun kafin a haife ni, ya bi ta har can ya fanso ta kamar ƙanwarsa aka kama. Ya canja mata tayoyi, ya yi mata bango da katako da rufin kwano, ya huda mata taga, ya shimfiɗa tsohon kafet ɗin falonmu a ciki. Shi karafan yake ce mata, kamar yadda Larabawa ke kiran nasu masu kicin da banɗaki. Mutanen layinmu a unguwar Harra ta Yamma, nan Madina, kuwa amalanke suke ce mata har gobe, amma sai ya ba da baya.

Aibinta ɗaya, ba ta komawa baya. Ƙafafunta na gaba suna juyawa tare da ƙarfen da ake ɗaura ta da shi a jikin mota, saboda haka da zarar mota ta ja baya sai ta karkace wuya kamar akuyar da za a yi wa wanka, ta zo ta manna kanta a gefen motar. Baba ya ce wannan ba aibi ba ne, tarbiyya ce. A wurin aikinsu ba wanda ke baya da amalanke. Zagaye ake yi, in kuma babu wurin zagaye a kwance ta a tura da hannu.

Da wannan tirela Baba da Yayana ke zuwa kashta duk lokacin sanyi, wato su fita daji su kafa zango su kwana. Ni da Umma namu shi ne mu dafa, mu ɗaure a kula, mu tsaya a bakin ƙofa muna musu addu'a. In sun dawo sai labarin tafki. Wai akwai wani tafki a bayan duwatsu ta hanyar Badr, da ke cika in an yi ruwa. Kowace shekara tafkin nan ƙara girma yake a bakin Yaya. Da farko ya kai filin ƙwallo. Daga baya ba a hango ƙarshensa. Na tabbata da an bar shi, bana da jirgin ruwa ya fara kai alhazai Jidda ta ciki. Yana da hoto ɗaya a waya, wani abu mai ƙyalli a tsakanin duwatsu, kuma ba ya barin in riƙe wayar, daga nesa yake nuna min kamar mai tallar zinariya.

Ni ban taɓa sa ƙafa a ruwan da ba famfo ne ya kawo shi ba. Umma a ƙauye ta girma, can ƙasar Hausa, ta ce a bayan gidansu akwai tafki, a nan suka koyi iyo ita da 'yan uwanta. Ni kuwa babban ruwan da na saba da shi shi ne tankin da ke kan rufinmu. Shekarar da na cika sha biyar na ce ba a sake tafiya ba ni. Yaya ya ce kashta ba ta mata ba ce. Da Larabci ya faɗa, don shi in an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, kamar Hausar tana ƙona masa harshe. Na ce masa tafkin na Allah ne ko na maza? Na yi magiya, na yi kumburi, na daina dariya in Baba ya ba da labari, wanda ya fi komai yi masa ciwo. Abin da ya karya shi dai Umma ce. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta ce ita ma ta kwana biyu ba ta ga ruwa a kwance ba. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ce to a shirya.

A gaban kowa na yi alkawari: ba zan dawo Madina ba sai na sa ƙafata a cikin tafkin nan.

Ran tafiya Umma ta kwashe gidan kaf. Katifu, barguna, tukunyar gas, turmin daka yaji, buta, tabarmi, har da muciya, wai ba a san abin da zai taso ba. Abin da aka bari a gida bango ne kawai. Motarmu a-kori-kura ce mai kujeru gaba da baya. Na ce jiri nake yi in na zauna a baya, aka ba ni gaba, Yaya ya koma kusa da Umma yana huci. Muka bar gari bayan asuba, tirela na bin mu tana ƙara kamar ana zubar da kwanoni daga bene. Baba ba ya gudu da ita. Manyan motoci suna wuce mu, ƙananan suna wuce mu, akwai wani tsoho a kan jaki da nake zargin da gangan ya rage tafiya don kada ya kunyata mu.

Amma hanyar ta yi kyau, wannan ba zan yi ƙari a kai ba. Baƙin dutsen unguwarmu ya ƙare, jajayen duwatsu suka fara, ruwan da aka yi ya fito da ciyawa siririya a gindinsu kamar gemun Yaya. Muka wuce gonakin dabino, da ƙauyuka masu masallaci ɗaya da kanti ɗaya, da awaki a kan dutse inda ko ƙadangare sai ya yi tunani kafin ya hau.

Wajen hantsi Baba ya sauka daga kwalta, ya yi wani faffaɗan zagaye a fili, ya tsaya. Ya ce alhamdu lillahi, mun iso. Na leƙa. A damanmu titi, motoci na wucewa. A bayanmu gidan mai. A gabanmu wata bishiyar ƙaya da leda a maƙale a kowane reshe. Na tambayi Baba ina tafkin. Ya ce a fara sauke kaya tukuna. Na tambayi Yaya. Ya nuna wani dutse da haɓa ya ce yana bayansa.

Umma ce ta yi tambayar da ta fasa kwan. Ta ce, "Malam, ta ina kuke bi ku je bakin ruwan?"

Baba ya fara gyara hularsa. Yaya ya fara duba waya. A hankali dai magana ta fito. Ba su taɓa zuwa ba. Duk shekarun nan a nan suke kwana, a bayan gidan mai, inda akwai filin zagaye da tirela, kuma waya na kamawa don Yaya ya kalli ƙwallo. Baba ba ya shiga hanyar da bai san ƙarshenta ba da abin da ba ya komawa baya, kuma ba ya iya barin karafan ɗinsa shi kaɗai a daji. Hoton nan kuwa daga kan dutse Yaya ya ɗauka, ya jawo shi da yatsa har ya kusa yage wayar.

Na kulle ƙofata daga ciki na ce ba na sauka. Yaya ya ce sai in kwana a nan. Na ce na gode, kujerar ma ta fi katifarsa laushi. Umma ma ba ta sauka ba, ta buɗe ƙullin gyaɗa ta fara ɓarewa. Baba ya zagaya motar, ya zagaya tirelar, ya daki tayarta da ƙafa, sannan ya dawo ya ce za mu gwada. Akwai hanyar ƙasa mai faɗi da ta nufi wajen dutsen. Za mu bi ta, in ba mu ga ruwa ba, duk inda aka samu filin zagaye za mu juyo, kuma ba ya son jin bakin kowa.

Hanyar ƙasar ta fara da mutunci. Muka wuce wata gona da aka yi watsi da ita, dabinai sun bushe a tsaye, muka wuce garken tumaki da tankin ruwa mai tsatsa. Muka samu wani kwari da alamar ruwa ya kwanta a ciki, amma ya tafi ya bar laka a tsattsage da tsohuwar taya. Yaya ya ce ga tafkinki nan, sauka ki yi iyo. Na ce wannan ai ya fi wanda ya taɓa zuwa girma.

Can gaba hanya ta rabu. Ta hagu mai faɗi ce, ta lanƙwasa ta koma wajen kwalta. Ta dama ta shige tsakanin duwatsu biyu, ga sawun taya a kanta, ga kashin raƙuma sabo. Baba ya tsaya, ya leƙa, ya ce hagu za mu yi, an gwada an gani.

Na san Baba, na san Yaya. Sai na juya baya, cikin ladabi, na tambayi Yaya ko a ganinsa tirelar za ta iya shiga ta daman. Ya yi dariya ya ce wannan hurdar, wato tarkacen ƙarfe, ko a kwalta da addu'ar Umma take tafiya, in ta shiga nan sai dai a kwaso ta a buhu. Na ce haba Yaya, Baba fa jerin amalankai yake ja a ƙarƙashin fiffiken jirgi bai taɓa gogar fenti ba. Yaya ya ce can daban, nan daban.

Baba ya gyara madubi, ya dubi karafan ɗinsa a ciki, ya karya kan mota dama.

Da farko har waƙa nake yi. Duwatsu suka matso, suka ƙara matsowa, har in na miƙa hannu ta taga sai in taɓa su. Inuwa ta rufe mu, iska ta yi sanyi. Wasu tsuntsaye masu kama da fakara suka tashi daga gabanmu. Tirela na tsalle, turmin Umma na daka kansa a ciki. Waya ta daina kamawa, Yaya ya yi salati kamar an yi masa rasuwa. Daga nan hanyar ta gangara, ta faɗa cikin yashi mai laushi, motar ta yi nishi, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zauna.

Baba ya manta da tarbiyya ya sa giyar baya. Tirela ta karkace wuya, ta zo ta daki gefen motar, ƙofarta ta buɗe, buta ta fito ta gangara ta yi gaba abinta. Muka sauka duka. A gabanmu yashi, a bayanmu tirela ta toshe hanya daga dutse zuwa dutse, ko kyanwa sai ta tsuke ciki kafin ta wuce. Yaya ya ce a bar ta nan a koma gida. Baba ya tambaye shi ta ina motar za ta bi, ta samanta?

Sai Baba ya koma ma'aikaci. Ya naɗe hannun riga, ya kwance ƙarfen, ya ce yadda ake yi a wurin aiki za a yi. Shi zai riƙe ƙarfen yana saita ta, mu uku mu tura ta baya da hannu har mararrabar da muka baro, sannan ya dawo ya fitar da mota. Ya raba mana wuri kamar yaransa na aiki, Yaya a tsakiya, Umma a dama, ni a hagu. Hanyar da za a tura ta kuwa hawa ce.

Na tsaya inda nake, na harɗe hannu.

Baba ya ce, "Auta, kama mana."

Na ce, "Baba, in gaba ne zan tura har hannuna ya cire. Baya kam ba zan tura ba."

Ban taɓa ce wa Baba ba zan yi ba, sai ran nan. Nakan yi abin da na ga dama dai, amma da to nake farawa. Shi ma ya san haka, don ya daɗe yana kallona. Ban sauke hannun ba. Yaya ya zuba min Larabci mai yawa, wanda a taƙaice ma'anarsa ita ce ba ni da kunya kuma ni na jawo komai. Na ce ni dai ba ni na kira ta hurda ba.

Baba ya juya wajen Umma ya ce Hajiya ta yi wa 'yarta magana. Umma ta nemi wani dutse mai faɗi ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce ita bayanta ba ya son hawa, amma gangara tana iya taɓukawa.

Suka gwada su biyu. Baba na ba da umarni, Yaya na nishi, jallabiyarsa fara ta koma kalar kunun gyaɗa. Tirela ta matsa baya kamar taku ɗaya, ta yi tunani, ta dawo inda take har da ƙari. Suka sake. Ta sake. Ni ina zaune kusa da Umma ina taya ta cin gyaɗa, amma gyaɗar ba ta wucewa da daɗi, don na ga gumi na bin wuyan Baba, kuma na san in na tashi na kama, da ni da Umma, za ta hau. Na kuma san in ta hau, bayan gidan mai za mu kwana, shekara mai zuwa a ce ai an kai ki kin gani. Na ci gaba da zama.

Ana cikin haka raƙuma suka ɓullo daga gaba, suna tafe a jere, ƙafafunsu jiƙe da laka har gwiwa. Na nuna wa Umma lakar, ta gyaɗa kai. Raƙumin da ke gaba ya zo ya tsaya a kan motarmu yana kallonmu ta saman hanci kamar mai gidan haya. A bayansu wani makiyayi ne da rawani, ya yi sallama da Larabci, da ya ji Umma na ce min in matsa kada a taka ni sai ya washe baki ya juye Hausa, irin ta mutanen Nijar. Nan fa aka manta da tirela. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi sanyi, aka tambayi dabbobi, shi da Baba har suka gano wani gari da kakanninsu suka taɓa cin kasuwa. Sai da aka gama ya dubi tirelar ya tambaya, cikin girmamawa, ko mene ne wannan. Baba ya ce karafan ne. Mutumin ya ce ma sha Allah.

Ya ce ruwa na nan gaba kaɗan, bayan lanƙwasar can, kuma akwai fili a bakinsa da ko babbar mota za ta juya. Ya ce baya kam ko shi da raƙumansa ba su da hanya sai mun gusa. Baba ya dubi hawan da ke bayansa, ya dubi raƙuman, bai dube ni ba. Ya ce a sauke kaya.

Na riga kowa tashi. Muka fitar da katifu da tukwane da turmi, Baba ya rage iskar tayoyi, muka tone yashi da murfin tukunya, muka cusa tabarmin Umma a ƙarƙashin ƙafafun motar. Aka mayar da ƙarfen. Ni da Umma da Yaya da makiyayin muka sa kafaɗa. Na tura har na ga taurari da rana tsaka. Motar ta yi kuka, ta watsa min yashi a baki, ta fita. Makiyayin ya koma da raƙumansa baya zuwa inda hanya ta buɗe, muna bin su a hankali kamar masu rakiyar amarya, sannan muka dawo da ƙafa muka kwashe kayan a ka.

Tafkin bai kai filin ƙwallo ba. In an matsa, ya kai harabar makarantarmu. Ruwan kalar shayi da madara ne, gefensa duk sawun raƙuma, ga ƙananan kwaɗi suna tsalle. Amma yana kwance a gindin wani jan dutse, dutsen na ciki a kife, iska na tura ƙananan igiyoyi zuwa bakinsa, wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu na tsaye a can gefe. Ban jira mota ta gama tsayawa ba. Na cire takalmi na shiga da abayata. Sanyin ya soke ni har ƙwaƙwalwa, laka ta shiga tsakanin yatsuna, wani abu ya taɓa min ƙafa na yi ihun da ya tashi tsuntsayen, amma ban fito ba. Na shiga har gwiwa, inda Umma ta ce ya isa, don ba a san ramin da ke gaba ba.

Ita ma ta shigo. Ta tattare zane, ta taka a hankali, ta tsaya kusa da ni, ta ɗebi ruwan ta shafa a fuska da wuya. Ta ce nasu na gida ya fi wannan ɗumi.

Yaya na tsaye a kan wani dutse yana ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Na ce ya matso, wannan karon ba sai ya ja da yatsa ba.

Baba ya yi zagayensa a filin, faffaɗa, mai kyau, ya tsayar da tirela tana fuskantar hanyar fita. Ya duba inda ta lotsa, ya shafa wurin. Sannan ya zo bakin ruwan ya tsuguna ya yi alwala, ya ja mu sallar azahar a kan tabarmin da suka sha taya. Da aka sallame ya kira ni gefe. Ya ce abin da na yi a gaban Yayana ba ƙaramin abu ba ne, uba ya ce kama, 'ya ta ce ba za ta kama ba. Ya ce in na ba shi haƙuri yanzu, magana ta mutu a nan. In ban ba shi ba, wayata na hannunsa har ƙarshen hutun makaranta.

Na ce ina ba shi haƙurin gumin da ya sha, da lotsewar karafan, da butar da ba a gani ba. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

Na ce, "Baba, in aka koma can yanzu, ba zan tura ba."

Ya miƙo hannu. Na ciro wayar na sa masa a tafi. Ya jefa ta a aljihu, ya ce in je in taya uwata haɗa wuta, rana na yi. Na ce to. Na bi ta cikin ruwan na tafi, ko da yake ta tudu ta fi kusa.